Tarihin Sanin Juda da Tunku a Ƙasar Sinnar

Matafiyin da ya tashi daga Sinnar ya bi gaɓar Shuɗin Nilu ya nufi kudu, ta Mayurno da Sinja har ya kai Rusairis, zai riƙa ratsa abubuwa biyu bi da bi: ƙauyukan da ake gaisuwa da Hausa ko Fillanci a ƙofofin masallatansu, da kuma dazuzzukan bagaruwa waɗanda suka cika kowace fadama da kogin ya bari a lanƙwasarsa. A cikin waɗannan dazuzzuka, da cikin babban dajin Dindir da ke gabas da su, akwai wata al'umma ta ƙananan namun daji masu cin nama, waɗanda Allah bai ba su kwarjinin zaki ba, bai kuma ɗora musu tsadar hauren giwa ba, saboda haka marubuta tarihi suka wuce su ba tare da waiwaye ba. Alhali kuwa wanda ya yi tadabburi a kan yadda aka yi ta neman saninsu cikin shekaru 300 da suka shige zai ga ashe tarihin ƙasar ne gaba ɗaya yake karantawa, domin fatake sun neme su don riba, Turawa sun neme su don fata da ƙoƙon kai, likitoci sun neme su don cuta, masu kyamara sun zo daga baya don ƙididdiga. Kuma a duk tsawon wannan zamani akwai wani sanin da ya zauna a ƙirjin manomi da maharbi da masunci, wanda har yau galibinsa bai shiga takarda ba.

Ya kamata mu fara ambatonsu da sunayen da kakanninmu suka san su da su. Babbarsu ita ce juda, mai jiki toka-toka da ɗigo-ɗigon baƙi, wadda nauyinta kan kai kilo 15, tana yawo da dare, tana cin ɓera da ƙwari da 'ya'yan itace, kuma tana da wata ɗabi'a ta keɓe wuri guda ta mayar da shi makewayinta, ta yi ta komawa can wata da watanni. Sai inyawara, siririya mai doguwar wutsiya zobe-zobe, gwanar hawan itace, wadda ba ta wuce kilo 2 da ɗan wani abu ba, amma ta ishi akurkin kaji fitina. Sai tunku iri-iri: akwai babba mai yawon rana a bakin ruwa yana farautar ɓeraye da macizai, akwai mai farar wutsiya wanda ba ya fita sai dare ya yi, abincinsa gara da buzuzu, akwai kuma ɗan siriri mai baƙin ƙarshen wutsiya wanda kan gilma a hanya kamar walƙiya. Sai dage ma'abocin zuma da taurin kai, da bodari wanda warinsa ya ishe shi garkuwa, da kyanwar daji, da dila. Waɗannan su ne jama'ar da muke magana a kai.

Sanin farko da ya shiga littafi sanin kasuwa ne. A ƙarƙashin wutsiyar juda akwai wata 'yar jaka inda wani maiƙo mai ƙarfin wari yake taruwa, wanda idan aka tsarma shi ya zama turare, yana kuma riƙe ƙanshin sauran turaruka kada ya gushe da wuri. Shi ne jibda, wadda attajiran Kano suka sani kamar yadda attajiran Masar da Hijaz suka san ta. Daular Funji, wadda Amara Dunƙas ya kafa a Sinnar a 1504, ta zauna a mahaɗar hanyoyin Habasha da Sawakin da Masar, kuma lokacin da wani likita Bafaranshe mai suna Charles Poncet ya sauka a birnin a 1699 kan hanyarsa ta zuwa Gondar, ya lissafa jibda cikin hajojin ƙasar tare da haure da tsamiya da garin zinariya. Sana'ar kuwa, wadda har yau ba ta mutu ba a Habasha, ita ce a kama muzurun juda da tarko, a tsare shi a kejin itace, a ciyar da shi, sa'an nan bayan 'yan kwanaki a yashe jakar da cokalin ƙaho. Wanda zai yi wannan dole ne ya san inda dabbar ke kwana, da abin da take ci, da hanyar da take bi, watau dole ne ya zama mai bincike ko da bai taɓa riƙe alƙalami ba. Malamai ma ba su bar fagen ba, gama Shaihu Damiri, wanda ya rasu a Alƙahira a 1405, ya tara siffofin dabbobi da hukuncinsu a littafinsa Hayatul Hayawan, kuma duk almajirin da ya karanta Muhtasar na Halilu ya san an sa dila da kura da kyanwa, ko da ta daji ce, cikin abin da aka karhanta ci. Sai dai mai neman riba da mai neman hukunci, babu ɗayansu da ya ga lalurar tambayar nawa ne suka rage a dawa.

Bayan rundunar Isma'ila Basha ɗan Muhammadu Ali ta karɓe Sinnar a 1821, hanya ta buɗe wa wasu irin baƙi, Turawa masu neman halittu don gidajen ajiya na ƙasashensu. Eduard Rüppell, Bajamushe, shi ne ya fara rubuta siffar siririn tunkun nan ga malaman Turai, daga wanda aka samo a Kurdufan. Alfred Brehm ya hau Shuɗin Nilu wajen 1850 yana tara tsuntsaye da dabbobi. Samuel Baker ya biyo kogunan Rahad da Dindir a 1862 kafin ya isa Hartum. Da mulkin Ingilishi ya kafu sai aka naɗa A. L. Butler ya shugabanci ma'aikatar kiyaye namun daji tun daga 1901, kuma a 1913 wasu Amurkawa biyu, John Phillips da Glover Allen na jami'ar Harvard, suka yi rangadi a kwarin Shuɗin Nilu da Dindir, Allen ya buga bayanin dabbobin da suka tara a shekarar da ta biyo. Hanyar aikinsu duka ɗaya ce: a ɗana tarko ko a harbe, a feɗe fata, a wanke ƙoƙon kai, a auna tsawon jiki da wutsiya da kunne, a ɗaura wata 'yar takarda mai ɗauke da sunan wuri da kwanan wata. A kan irin waɗannan fatu Henry Setzer ya dogara ya wallafa babban lissafinsa na dabbobin Sudan masu shayarwa a 1956, shekarar da ƙasar ta sami mulkin kai. Ba za mu tauye musu haƙƙinsu ba, domin da ba don su ba da babu ma'aunin da za a gwada yau da jiya. Amma fata ɗaya a cikin akwati iyakar shaidarta ita ce dabba kaza ta taɓa zama a wuri kaza, ba ta faɗin yawa, ba ta faɗin raguwa, kuma sunan maharbin da ya nuna ramin, shi da ya yi rabin aikin, ba kasafai yake hawa 'yar takardar ba.

A daidai wannan zamani ne mutanenmu suka sauka a gaɓar kogin da yawa. Tun da daɗewa alhazan ƙasar Hausa da Barno suna ratsa Sinnar a ƙasa, wasu su yada zango shekara da shekaru suna neman guzuri. Amma babbar hijira ta biyo bayan yaƙin Burmi na watan Yuli 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka yi gabas, har suka sauka a Shaihu Ɗalha wajen 1906, daga baya suka ƙetare kogi suka kafa Mayurno, garin da ke ɗauke da laƙabinsa har yau. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai buƙatar hannu ta jawo dubban Hausawa da Barebari da mutanen Wadai, wasu suka zauna a bukkokin 'yan ƙwadago a gefen magudanan ruwa, wasu suka bazu a bakin Shuɗin Nilu da Dindir da Rahad suna su, suna noman lambu a gaɓar da ruwa ya janye, suna sassabe dawa don shuka dawa da riɗi. Abin lura a nan shi ne ba baƙuwar ƙasa suka tarar ba ta fuskar halitta: bagaruwar da majeman Kano ke jima da 'ya'yanta ita ce a nan, aduwa da kurna da goriba da tsamiya duk suna nan, tunkun da ya addabi kajin Gwandu shi ne ke addabar na Mayurno. Saboda haka ilmin sawu da na tarko da suka taho da shi bai ɓace a hanya ba, ya sami ƙasar da zai yi aiki, ya kuma haɗu da na Larabawa makiyaya da na mutanen Funji da Gumuz waɗanda suka riga su zama.

Hukuma kuwa, da ta juyo ga daji, idonta a kan itace yake. Jiragen ruwa na Nilu a wancan zamani da itace suke tafiya, layin dogon da ya iso Sinnar kafin yaƙin duniya na farko yana buƙatar katakon da ake shimfiɗawa a ƙarƙashinsa, kuma babu icen da ya kai bagaruwa ƙarfi da jure gara a wannan yanki. An kafa dokar daji ta farko a 1901, aka zo da dokokin 1932 waɗanda a ƙarƙashinsu aka shata gandayen daji, ciki har da fadamun bagaruwa na tsakanin Sinnar da Rusairis. Aka tsara sara bi da bi, kashi bayan kashi, ana watsa iri idan ambaliyar damina ta fara janyewa, ana jiran kimanin shekara 30 kafin ice ya isa yanka. A 1935 kuma, bayan yarjejeniyar London ta 1933 kan kiyaye halittun Afirka, aka keɓe Dindir ya zama gandun namun daji, wanda daga baya aka faɗaɗa shi ya haura murabba'in kilomita 10,000, hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da take kula da su a 1979. Malamin daji ya san adadin itatuwan kowane kashi, ma'aikacin Dindir yana lissafa ɓauna da gwanki da raƙumin dawa a bakin tafkuna da rani, lokacin da ƙishirwa ta tara su a fili. Amma dabbar da ba ta fita sai dare, ba ta tafiya garke, ba ta kuma wuce tsayin ciyawa ba, wannan hanyar lissafi ba ta kama ta. Da haka ƙananan namun suka sami mafaka a gandun da ba don su aka shata ba, suka rayu a cikinsa ba tare da sun shiga littafinsa ba.

Abin da ya fara jawo musu kulawa ta haƙiƙa cuta ce. A ƙasar baƙar laka mai tsagewa da rani, inda aduwa da farar ƙaya suka yi yawa, akwai wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai cizo da dare wanda ke ɗauke da zazzaɓin kala'azar, mai kumbura saifa, mai kisa idan ba a yi magani ba, kuma ƙauyukan Rahad da Dindir da kudancin Gadarif suna cikin wuraren da ya fi yi wa ɓarna a duniya. Likitoci suka tambayi kansu a jikin wa ƙwayar cutar take ɓuya a dajin da babu mutane. A shekarun 1960 Harry Hoogstraal da Donald Heyneman, suna aiki a yankin Falloj na Nilu ta Sama, suka sami ƙwayar a jikin ɓeraye da inyawara da wata babbar kyanwar daji. Sa'an nan a 2001 Dia-Eldin Elnaiem da abokan aikinsa suka buga sakamakon tarkon da suka ɗana a Dindir da ƙauyukan kewayensa, inda suka ga alamar ƙwayar a jikin tunku 2 cikin 14, suka ce la'alla tunku yana cikin masu riƙe ta. Su da kansu zato suka kira shi, ba yaƙini ba, kuma wajibi ne a riƙe maganar a matsayin da suka ajiye ta, kada wani ya mayar da ita hujjar kashe tunku. Amma ta isa ta nuna cewa sanin waɗannan dabbobi yana da nasaba da lafiyar yaron da ke kwana a gona yana gadin dawa.

Zamani na ƙarshe shi ne na kyamarar da ke ɗana kanta, wadda ake ɗaure wa a gindin itace a bakin turba ko mashaya, ta ɗauki hoton duk abin da ya gilma mai ɗumin jiki, dare ko rana, ta rubuta sa'a da kwanan wata. A farkon 2016 aka ba da labarin cewa Hans Bauer na jami'ar Oxford, da irin wannan kyamara, ya tabbatar da zaki a gandun Alatish na Habasha, wanda ya yi iyaka da Dindir. Daga nan shi da masana 'yan Sudan suka shiga Dindir ɗin, suna kunna kukan dabba da lasifika da dare suna ƙirga abin da ya amsa kira, har suka buga a 2019 cewa zakunan wurin sun haura 150. Zaki ne ya kawo kuɗin aikin da sunansa, amma kyamara ba ta zaɓe, kuma a nan fa'idarta take ga ƙanana. Ƙa'idar aikin ita ce a rarraba kyamarori a tazara sananniya, a lissafa daren da kowace ta kwana tana aiki, a raba adadin hotuna da adadin darare, don a iya gwada wannan daji da wancan, da bana da baɗi. Juda da inyawara kuwa, da yake ɗigon jikin kowace ya saɓa da na 'yar'uwarta, ana iya gane su ɗaya-ɗaya, a duba nawa ne suka sake bayyana, daga nan a ƙiyasta yawansu. Duk da haka kyamara tana da sharaɗi guda wanda injin bai iya cika wa kansa ba: sai an sa ta a inda dabbar ke bi.

Wanda ya san inda take bi kuwa yana nan a ƙauye, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tsohon maharbi, idan ya duƙa a kan laka da sassafe, zai rarrabe sawun tunku, wanda farcensa ke fita, da na inyawara, wadda ke tafiya da farce a ɓoye; zai gane dage da dogayen farcen hannunsa; zai kai ka makewayin juda ya tona da tsinke ya nuna maka ƙwallon kurna da ɓawon ƙadandoniya, ya ce, "Malam, ka ga abin da ta ci shekaranjiya." Masunci ya san abin da ke zuwa satar kifi a shanya, mai ɗiban zuma ya san amyar da dage ya fasa, uwargida ta san watan da inyawara ke matsa wa kaji. Mafi daraja daga wannan duka shi ne tsawon zamani, domin kyamara ta zo jiya, amma dattijon da ya girma a bakin Rahad zai iya faɗa maka abin da yake gani yana yaro wanda ya daina gani, da shekarar da ya daina.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne dajin yana ƙarewa a gaban idon masu shaidar. Noman tarakta, wanda ya fara a ƙasar Gadarif a tsakiyar shekarun 1940, ya bunƙasa bayan kafa hukumarsa a 1968, ya share miliyoyin kadada na aduwa da ƙaya, ya toshe hanyoyin da namun Dindir ke bi da damina, har raƙumin dawa ya ɓace daga gandun. Farin 1984 ya turo jama'a da dabbobinsu bakin kogi, gatarin masu gawayi ya shiga bagaruwa. Da ɓeraye suka yi annoba a ƙasashen Sahel a 1986 da 1987, har da Sudan, guba aka watsa a gonaki, alhali tunku da inyawara da kyanwar daji su ne masu gadin rumbun da ba a biyansu lada, kuma guba ba ta tambayar wanda ya ci. Bagaruwar fadama kuma da ambaliya take rayuwa, ga shi an gina madatsar Rusairis a 1966, an ƙara mata tsayi a 2013, Habasha ta fara cika tata babbar madatsar a 2020, kowace tana rage tashin ruwan da ke shayar da fadamun. A kan wannan duka sai ga musibar mutane: rikicin ƙasa da sarauta na jihar Shuɗin Nilu a 2022, wanda ya ci ɗaruruwan rayuka na Hausawa da maƙwabtansu, da yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023 ya kai Wad Madani a Disamba, ya kai Sinja a tsakiyar 2024, ya tarwatsa ƙauyuka da makarantu da ma'aikatu. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar da masu gudun hijira gidajensu. Duk dattijon da ya rasu a wannan fitina ya tafi da abin da ya sani.

Mu kuwa al'umma ce da ta gaji hanyar tsare labari, domin malamanmu na hadisi sun koya mana kada a karɓi magana sai an san wanda ya faɗa, daga wa ya ji, da idonsa ya gani ko labari aka ba shi, kuma abin da mutane da yawa suka ruwaito ba tare da sun haɗa baki ba ya fi ƙarfin abin da mutum ɗaya ya kaɗaita da shi. Wannan mizani shi ne ainihin abin da mai binciken dabbobi yake buƙata idan ya zauna gaban dattawa. Saboda haka ina kira ga ɗalibanmu da ke jami'o'in Jazira da Sinnar da Hartum, 'ya'yan waɗannan ƙauyuka, waɗanda suka haɗa Hausa da Larabci da ilmin zamani, da zarar hanya ta yi lafiya su ɗauki littafi su zauna gaban iyayensu, su rubuta sunan kowace dabba da inda aka gan ta da shekarar da aka gan ta, su rubuta sunan mai ba da labarin da izininsa, su auna sawu su ɗauki hotonsa da wayar da ke aljihunsu. Ina kira ga hukumar gandun daji da ta kiyaye namun daji su ɗauki maharban ƙauye abokan aiki masu lada, a sa sunansu a rahoto kamar yadda ake sa na mai digiri. Ina kuma roƙon limamanmu su tunatar da jama'a cewa Allah bai halicci kome da wasa ba, kuma wanda aka ba amanar ƙasa za a tambaye shi a kan ƙaramin abin da ke cikinta kamar yadda za a tambaye shi a kan babba. Jama'ar da ta rubuta abin da ke dajinta da hannunta ta kafa hujjar cewa ta san ƙasar, ta kuma kula da ita, kuma wannan hujja za ta amfane ta a gaban hukuma da gaban maƙwabta ranar da za a zauna a sake shata gandu da gona da burtali.